Mai Sungumi da Ɗansa da Aka Kora

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da ɗa mai suna Habila. Tun yana ƙarami Habila ba ya iya zama wuri ɗaya. In uwarsa ta aike shi sayen gishiri, sai a same shi a gindin tsamiya yana kallon tururuwa, ya manta da aiken. Ba shi da mugunta, amma hankalinsa kamar ɗan akuya yake wanda ya tsinke igiya.

Da ya kai shekara goma sha biyar, wata rana da bazara, ba kuwa lokacin hutu ba, sai ga shi ya shigo gida da akwatinsa a ka. Makarantar kwana ta kore shi, kora ta ba dawowa. Shugaban makarantar ya ce sun yi gargaɗi, sun yi horo, sun gaji: yaro yakan tashi ana cikin darasi, yakan katse malami, yana hana 'yan'uwansa karatu.

Ran Lahadi uban ya zauna can baya a majami'a saboda kunya. Kashegari ya kai yaron gona, ya ce, "Tun da biro ya ƙi ka, ga manjagara. Ka share gonar nan, ka tara karan, ka ƙone." Ya bar shi shi kaɗai. Habila ya kama aiki da ƙarfinsa, ya cinna wa tari ɗaya wuta, sai fakara ta tashi a gabansa, ya bi ta. Kafin ya dawo wuta ta cinye shingen maƙwabci.

Da wan manomin ya ji labari, ya zo ya ce, "Ƙanena, ba boko, ba noma, me kake jira? Ba ni shi in kai shi tasha ya zama yaron mota. Abin da muka kasa koya masa duniya ta koya masa."

Manomin ya san yaran ƙauyen da aka kai tasha. Wasu sun dawo da jajayen idanu, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Amma ba shi da wata dabara. Ya ce, "Yaya, bari mu yi shuka tukuna."

"To, bayan shuka zan zo in tafi da shi."

Da ruwan shuka ya sauka, suka fita tare. Uban yana gaba da sungumi yana sara rami, ɗan yana biye da ƙoƙon iri, yana zuba gero, yana rufewa da dunduniya. Manomin yana ta waiwaye, yana tsammanin zai tarar da ƙoƙo a ƙasa ba yaro. Amma duk waiwayen da ya yi, ga Habila a bayansa. Har yaron ya ce, "Baba, tsufa ne ya kama ka? Iri yana jiranka."

Da suka zauna shan kunu, uban ya ce, "Yau ba fakara ne?"

"Akwai, Baba, na ga tashinsu. Amma kafin in juya ka sara wani ramin." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ran da ka ce in share gona, na dube ta, ban ga inda ta fara ba, ban ga inda ta ƙare ba. Ni ma ba na son halin nan. Nakan ce zan tsaya, sai in ga na riga na tafi."

Manomin ya daɗe yana duban sungumin da ke hannunsa.

Bayan shuka wansa ya zo, ya ce, "Ya ɗaure kayansa?"

"Ba inda za shi, Yaya."

"Kai za ka yi ta tafiya a gabansa har ka mutu?"

"Har ya iya riƙe sungumin da kansa. In ƙafata ta gaji, uwarsa ta karɓe ni."

Manomin ya kai yaron asibiti aka duba shi. Ya fito da littattafansa daga akwati, suka riƙa bi kaɗan kaɗan, layi ya ƙare a miƙe ƙafa, a dawo. Ya tafi neman wata makaranta, aka ƙi. Ya je wata, aka ce ba wuri. Da gari ya waye ya sake sa takalminsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: akwai yara a cikinmu da aka haifa da larurar kasa tsai da hankali wuri ɗaya. Likitoci sun san ta, suna kuma da taimakon da za su bayar. Ba iskoki ba ne, ba kuma lalacewar tarbiyya ba ce, ko da yake an sha gaya wa iyayensu haka, wani lokaci a bakin ƙofar majami'a. Gonar nan da ba a ga ƙarshenta, ita ce dogon umarni da muke jibga wa irin wannan yaro, mu juya baya, mu dawo da bulala. Ramin sungumi kuwa shi ne ɗan aiki guda, wanda yaron yake iya ganin ƙarshensa, da mutum a kusa da shi.

Ba na cewa abin yana da sauƙi. Manomin bai sami makaranta ba tukuna, shingen maƙwabci kuma sai da ya gyara shi da hannunsa. Amma ku tuna yadda Ubangiji yake yi da mu. Sau nawa muka yar da ƙoƙon muka bi fakara? Bai miƙa mu ga tasha ba. Yana gabanmu, yana buɗe mana hanya daidai takin da za mu iya.

Ke uwa, kai uba, da ɗanku yake zaune a gida yau alhali sa'o'insa suna aji: makaranta tana da ikon korarsa, ku ba ku da wannan iko. Ku daina zama a bencin baya. Ku ɗauki sungumi ku shiga gaba. Mu kuma sauran jama'ar Allah, in ƙafarsu ta gaji, mu karɓe su.