Kunnen da Ayanwale Ya Ɓoye

Akwai wani makaɗin kalangu a unguwarmu ta Oje, cikin Ibadan, sunansa Ayanwale. Kiɗa gadon gidansu ne. Bikin da bai je ba, sai ka ji mata na cewa an dai ci amala an watse.

Wata safiya ya farka ya ji kunnensa na hagu ya toshe ɗif, sai wata ƙara kamar kukan gyare. Da ya miƙe, ɗakin ya juya da shi, ya dafa bango.

Matarsa Morenike ta riƙe shi. "Baban Tola, lafiya?"

"Jiri ne kawai."

Zancen kunne bai yi ba. A zuriyarsu, makaɗin da aka ce kunnensa ya mutu ya gama yawo. Ba mai sake kiransa biki, yaran kiɗansa ma sai su kama wani ubangida.

Ta ce, "Tashi mu je asibitin bakin kasuwa. Likita ya duba ka, in ba nasa ba ne ya faɗa mana wanda za mu gani."

"Wancan mai duba zazzaɓi da gudawa? Ni Ayanwale? Duk attajiran da nake wa kiɗa, in jiri ya kama su likitan zuciya suke gani."

"Kiɗa ya haɗa ku, maigida, ba ciwo ba."

Bai saurare ta ba. Aka yi ta jira kafin layi ya zo kansu wurin likitan zuciya. Ya gama aune-aunensa ya ce, "Zuciyarka ta fi tawa lafiya. Ban da jirin, akwai abin da kake ji?"

"Babu."

"To ka koma wurin likitan da ke duba komai, ya bi abin daga tushe."

A hanya Ayanwale ya yi tsaki. "Ka hau sama, a ce ka koma ƙasa!"

Wani abokinsa ya ce ai jiri daga ido yake. Suka je wurin likitan ido, ya dawo da tabarau, jiri na nan. Wani ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Aka ɗauka, ba a ga komai ba. Morenike ta rufe shagonta na atamfa ya fi a ƙirga, tana bin sa daga wannan benci zuwa wancan, takaici kamar ya kashe ta.

Tun suna amarci suna da wata al'ada. In zai fita biki, ita ke rataya masa kalangu a kafaɗar hagu, ta raɗa masa addu'a a kunne, ya ce amin yana murmushi. Kwanan nan ta lura amin ɗin tana zuwa tun ba ta rufe baki ba.

Ran nan ta rataya masa, ta matso ta raɗa, "Akuya ta cinye hularka."

"Amin," in ji Ayanwale.

Ta sauke kalangun ta ajiye a kujera. Ta zagayo ta damansa.

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ranar jirin."

"Tun kafin azumi! Ga shi har an ci naman layya! Ka sa na yi ta yawo da kai wurin mai zuciya da mai ido, alhali ka san inda ke maka ciwo? Mutanen gari ka ɓoye wa, na ji. Ni fa? Ni ma 'yar biki ce?"



Washegari ta tasa shi gaba zuwa asibitin bakin kasuwa. Likitan da ya raina ya saurare shi, ya leƙa kunnen, ya yi masa tambayoyi, nan take ya tura su wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Ita kuwa likitar kunnen, da ta gama gwaji ta ji lokacin da abin ya fara, sai ta ajiye alƙalami.

"Baba, kunnen da ya mutu farat ɗaya, a makonnin farko ake ceto shi. Jirin za mu yi maganinsa. Amma jin, ba zan yi maka alkawari ba."

Jiri ya tafi. Kunnen bai dawo ba.

Ayanwale yana kiɗansa har yau, da kunne ɗaya, yana karkata kai kamar mai leƙen rijiya. Wasu masu biki sun guje shi, wasu sun tsaya. Morenike na nan tana rataya masa kalangu a kafaɗar hagu. Sai dai yanzu takan zagayo ta dama kafin ta yi raɗar, shi kuma yakan jira ta gama tukuna ya ce amin.

Darasi: Ba girman likita ke warkarwa ba, dacewarsa da ciwon ce. In ba ka san wanda za ka gani ba, fara da likitan da ke duba komai, shi zai nuna maka ƙofar. Kuma ka faɗa masa gaskiya duka, da wuri. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu taurin kan da kuke ƙauna.