Sunan Jaririyar Sabi'u Tela

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku, kuma ba ta zamanin kakanni ba ce, ta zamanin wayar hannu ce. In na kai ƙarshe ba ni zan raba gardamar ba, ku za ku raba.

A Funtuwa an yi wani tela, sunansa Sabi'u. Hannu gare shi, in ya yi maka wuyan riga sai an tsayar da kai a hanya an tambaye ka. Sai dai Allah ya ɗora masa kunya irin wadda ko amarya ba ta kai shi ba. Matarsa Murjanatu ta sami ciki na fari, shi kuwa ko a gaban madubi ba ya iya faɗin haka.

Da ta je awo a asibitin unguwa, aka sa sunanta cikin wani tsari na wani ƙaramin kamfani a Zariya, ɗaki uku a saman kantin littattafai. Kamfanin ya haɗa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda kowace Alhamis da hantsi take kiran masu ciki ta yi musu tambaya da Hausa: akwai ciwon kai? Ƙafa ta kumbura? Ido yana gani dishi-dishi? Mace ta amsa da bakinta, manhaja ta saurara ta ware: wannan kore, lafiya, wannan ja, a hanzarta. Mata dubu goma sha ɗaya take kira, abin da ma'aikatan kamfanin ba za su iya ba ko da sun daina cin abinci. Waya ɗaya ce a gidan Sabi'u, lambarta aka rubuta, ranar Alhamis sai ya bar wa Murjanatu ita ya tafi shago.

Ciki ya kai wata bakwai, uwar Murjanatu ta zo ta tafi da ita goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Garinsu Rafin Ɗinya, can bayan kogi, inda sai ka hau tudu waya take kamawa. Waya kuwa ta zauna wurin Sabi'u, don da ita masu ɗinki suke nemansa.

Alhamis ta zo, waya ta yi ƙara a shago. Sabi'u ya tsorata kada in bai ɗauka ba a soke sunan matarsa. Ya kuma ji nauyin ya buɗe baki, ko ga na'ura ce, ya ce iyalinsa ta tafi gida haihuwa. Sai bawan Allah ya zagaya bayan shago, ya maƙe murya kamar ta mace, ya ce, “Babu. Babu. Lafiya lau.” Ku yi dariyarku, ni ma na yi, amma a ganinsa ba ƙarya yake yi ba. Ya je Rafin Ɗinya sau ɗaya da cefane, ya durƙusa a zaure kai a sunkuye, ya ce wa surukinsa, “Ya mutan gida?” aka ce masa lafiya lau. Iyakar saninsa ke nan, shi yake maimaitawa. Alhamis biyar yana wannan aiki, manhaja tana rubuta wa Murjanatu kore, alhali jininta yana ta hawa a can ƙauye, ba wanda ya sani.

To, ga inda mata uku suka shigo, kuma ku riƙe abin da kowace ta yi.

Ta farko Rumasa'u, matashiyar da ta rubuta manhajar. Ita ce ta saka mata wata 'yar ƙararrawa: in amsar mace ta yi kyau fiye da kima, mako bayan mako ba ko ciwon baya, to a fitar da sunanta mutum ya saurara da kunnensa. A lokacin kowane kamfani yana rige-rigen sakar wa na'ura komai, ita ce rubuta rahoto, ita ce yanke hukunci. Ƙararrawar Rumasa'u kuwa ta zame musu ƙaya, tana fitar da suna ɗari uku a mako, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Manaja ya ce a cire ta kafin a saki sabon zubin manhajar. Rumasa'u ta ce a'a. Suka yi ta ja har ya gaji ya ba ta mako biyu, in ba ta gyaru ba a cire. Ta duƙufa a kai, ta gyara ta gwada, ta rushe ta sake, har bikin aminiyarta a Kaduna bai gan ta ba. Ranar Alhamis ta shida, ƙararrawa ta fitar da suna arba'in kacal cikin dubu goma sha ɗaya. Na talatin da ɗaya shi ne Murjanatu.

Ta biyu Hajiya Barira, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya. An ɗauke ta ne ta riƙa sauraren muryoyi tana koya wa manhaja bambancin mai lafiya da mai dauriya. Maɓalli uku ta sani a kwamfuta, ta ce sun ishe ta. Da ta kai kan na talatin da ɗaya, ta ji wata siririyar murya tana “babu, babu,” a bayanta kuma ƙarar kekunan ɗinki, har da wani yana ƙwala kira, “Sabi'u, wandon nan fa?” Hajiya ta yi dariya har ta cire tabarau. Sai dariyar ta tsaya cak. Ta koma baya ta nemo ranar ƙarshe da Murjanatu ta amsa da kanta. Da aka tambaye ta ciwon kai, ta yi shiru na numfashi uku kafin ta ce babu, kuma Hajiya ta san irin wannan shirun. Ta duba katin awo, ta ga tun lokacin jinin ya ɗan ɗaga. Ta ƙirga watanni da yatsa, ta ɗauki waya.

Sabi'u ya ga baƙuwar lamba daga Zariya, ya ruga bayan shago, ya maƙe murya ya ce, “Ni ce.”

“Kai ɗana, sauke muryar nan, na haifi wanda ya girme ka. Ina yarinyar?”

Kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, “Tana gida, Hajiya.”

“Wane gidan? Goyon ciki ta tafi?”

Ya sunkuyar da kai kamar tana gabansa.

“Kunyarka ta yi kyau, Allah ya yi maka albarka, amma yau ajiye ta a gefe. Ranar da za ta tafi, ƙafarta ta shiga takalmi?”

Nan Sabi'u ya tuna. A hannu ta riƙe takalmanta ta shiga mota. Zoben da ya saya mata ta cire tun kafin nan. Shi da kansa ya buɗa mata hannun riga har sau biyu, idon tela ya gani, bakin miji ya kasa tambaya. Ya faɗa wa Hajiya duka, da sunan ƙauyen, da sunan surukinsa. Ta ce, “Rufe shagon nan ka kama hanya.” Ita kuma ta shiga buga waya, ba ta huta ba sai da ta sami ma'aikaciyar jinya mafi kusa da ƙauyen, ta kuma sa babban asibitin yankin ya tura mota bakin kogi.

Ta uku ita ce wannan ma'aikaciyar, Nusaiba, mai zagaya ƙauyuka a kan babur. Taswirar da ke cikin wayarta ba ta san Rafin Ɗinya ba, sai nuna mata gidan Sabi'u a Funtuwa take yi. Ta jefa wayar a jaka, ta tambayi masu tallar nono hanya. Watan Agusta ne, kogi ya kawo har ya shanye gadar katako. Ta jingine babur a gindin ɗorawa, ta shiga kwalekwale tana salati, don ba ta iya ruwa ba, ta haye, ta ɗora jaka a ka ta taka sauran da ƙafa cikin taɓo. Da la'asar ta yi sallama. Ta tarar da Murjanatu a tsakar gida tana tsince wake, fuska ta kumbura har ido ya shige, tana cewa ita lafiyarta lau. Uwar ta ce ai kumburin ciki na fari ne, ana ba ta jiƙo. Nusaiba ta auna jini, ta ƙi yarda da abin da ta gani, ta sake aunawa. Ta fita zaure wurin uban ta ce a kai ta asibiti yanzu, shi kuwa ya ce a ɗakin nan aka haifi yarinyar, a nan za ta haihu. Suna cikin haka sai ihu daga cikin gida: jijjiga ta kama Murjanatu. Wata ta kawo turare, wata ta kawo cokali za ta cusa mata a baki. Nusaiba ta ture su duka ba ta ko dubi furfurar kowa ba, ta kwantar da ita a gefe, ta yi mata allurar da ta zo da ita, ta riƙe ta har jikin ya lafa. Sannan ta ɗago ta ce wa uban, “Baba, ko dai a cire ƙyauren nan a ɗauke ta a kai, ko kuwa gobe ku karɓi gaisuwa.” Da hannunsa ya cire ƙyauren.

Sabi'u ya sauka daga mota a bakin kogi daidai lokacin da kwalekwale yake isowa da matarsa kwance a kan ƙyauren ƙofa, wata baƙuwa duk taɓo tana riƙe da kanta. Ya shiga ruwa har ƙugu ya tare su, yana kuka a gaban surukinsa, kunya ta tafi inda ta tafi. Kafin magariba an shiga da ita tiyata, aka ciro 'ya mace, 'yar ƙarama, amma da ranta, uwa ma ta tsira. Likita ya ce da an ƙara awa guda, da duka biyun an rasa. A barandar asibitin nan, mutumin da bai taɓa ɗaga murya gaban surukinsa ba ya ce da ƙarfi, “Na yi wa Allah alkawari, sunan matar da ta ceci iyalina zan sa wa yarinyar nan.”

Shi a zatonsa mace ɗaya ce. Da ya gaya wa Nusaiba, ta ce, “Malam, ni aike ni aka yi. Ƙauye sittin ne a hannuna, da Hajiya Barira ba ta ce je ki wancan gidan yau ba, da ina can ina rigakafi.”

Kwana huɗu da haihuwa ya ɗinka hijabi, ya hau mota zuwa Zariya. Hajiya Barira ta karɓa ta sa albarka, ta ce, “Ɗana, ni a kujera nake zaune. Mutum dubu goma sha ɗaya, yaushe kunnena zai kai kan matarka? Yarinyar can ce ta tsamo min ita. Kuma ina da nawa laifin: na san goyon ciki tun kafin a haifi yaran nan, ban taɓa tunanin in gaya musu ba.”

Ya juya wurin Rumasa'u, sai ya ga idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, “Ni ce fa na gina abin a kan cewa inda waya take nan mace take. A birni na tashi, ban kawo goyon ciki a raina ba. Mako biyar manhajata tana cewa matarka kore ce. Ni dai ƙararrawa na hana a cire, ban san muryarka ba, ban haye kogi ba.” A makon nan ta ƙara wa manhajar tambaya ta farko: yanzu a ina kike kwana?

Sabi'u ya dawo ya fi tafiyarsa ruɗewa. Ya lallaɓa ya tambayi Murjanatu, ta ja mayafi ta rufe fuska, don jaririyar 'yar fari ce, ko wane suna aka sa ita ba za ta taɓa faɗarsa da bakinta ba. Ya tambayi liman ko a haɗa ukun, liman ya ce shi suna ɗaya yake raɗawa. Kada kuma waninku ya ce min ya jira Allah ya ba shi wasu 'ya'ya mata biyu, alkawarin a kan wannan ya yi shi.

Ranar suna ta zo. An idar da sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, goro yana zagayawa, rago a ɗaure, wanzami yana jira. Liman ya karkato da kunnensa wajen Sabi'u ya ce, “Malam, wane suna?” Sabi'u ya buɗe baki, sai ya tuna wadda ta hana a cire ƙararrawa, ya tuna wadda ta gane muryarsa, ya tuna wadda ta haye kogi ba ta iya ruwa ba, kuma ya san da ɗaya ta gaza, da yau ba taron suna ake yi a ƙofar nan ba.

To, liman yana jira, jama'a sun kasa kunne. Rumasa'u, ko Barira, ko Nusaiba: sunan wacce a cikinsu ya fi cancanta ya faɗa?