Tela Tukur da Rigar Mai Buhu

Akwai wani tela da aka yi a Haɗeja zamanin mulkin Turawa, sunansa Tukur. Ɗinkinsa ba laifi, amma ba ɗinki ne ya sa aka san shi ba, littattafai ne.

Tukur ya taɓa yin shekara biyu a Kano yana ɗinkin labule a gidan wani Bature. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, aka share ɗakin 'ya'yansa aka zubar da tarkace. A cikin tarkacen nan Tukur ya tsinci littattafai shida masu zane. Kowane shafi an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da hotonsa, magana kuma tana fitowa daga bakin mutane a cikin wani abu mai kama da ƙoƙo.

Ya zuba su a adaka, ya hau jirgin ƙasa zuwa Malam Madori, ya ƙarasa gida da littattafai shida da kalmomin Turanci uku: "yas", "no" da "sharap". Tun daga ranar ya hana kowa kiransa Tela Tukur. Sai dai Malam Tukur Mai Turanci.

To, tsakanina da ku, mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Ya yi allo, yana karanta ajami tiryan-tiryan, da shi ma yake rubuta awon mutane. Saboda haka da ya ɗauki littafin Bature, sai ya buɗe shi yadda ya saba buɗe kowane littafi tun yana yaro, wato daga dama.

Yakan fara daga shafin ƙarshe, ya bi ɗakunan daga dama zuwa hagu. Abin da ke cikin ƙoƙon magana kuwa daga kansa yake cike shi. In labarin ya ɗan yage a wani wuri, sai ya ɗinke shi da baki, ai tela ne. Ya san ƙaryar karatu yake yi. Amma cewa a baibai yake bin littafin, wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Kullum bayan la'asar rumfarsa sai ta cika maƙil. Inuwa mahauci yakan bar sauran nama da ƙudaje ya taho. 'Yar'azumi mai ƙosai ta jawo kaskonta har bakin rumfar, don kada wani ɗaki ya wuce ta.

Duk cikin littattafan babu wanda aka fi so kamar na Mai Buhu, wani dogo mai riga mai ratsin baƙi da fari. Ga yadda Tukur yake ba da labarinsa.

Wai Mai Buhu attajiri ne, yana zaune a ɗaki mai tagar ƙarfe irin ta manya. Rannan 'yan doka biyu suka yi masa rakiya ya fito, har suna riƙe masa hannu saboda girmamawa. Ya saɓa buhu cike da dukiya, ya riƙa shiga gidajen mutane ta taga don kada a gode masa. Duk gidan da ya fito, buhun ya ragu. A ɗakin ƙarshe ga shi nan a rame, buhu wayam, ya rabar da komai.

Duk lokacin da aka zo nan sai 'Yar'azumi ta share hawaye da bakin zani. Akwai Juma'ar da ta raba ƙosai kwano guda sadaka, Allah Ya kai ladan ga Mai Buhu.

Musu kuwa ba a magana. Akwai wani ɗan doka mai kare da ke bin Mai Buhu shafi-shafi. Inuwa ya ce hassada ce tsagwaronta. Wanzamin unguwa ya ce a'a, karen ne mugun, ɗan dokan janye shi kawai ake yi. Kan wannan magana suka yi sati biyu ba sa gaisawa, Inuwa ya bar gemunsa ya yi buzu-buzu don kada ya zauna gaban wanzami.

Mutum ɗaya ne ke ɓata wa Tukur rai: Fannami, wani tsohon masunci daga wajen Auyo da ke kawo banda kasuwa. Bai iya karatun komai ba, amma yana son littafin kamar ransa. Yakan zauna a gefe kan gorarsa ta su, ya ƙura wa hotuna ido kamar mai jiran tarwaɗa ta motsa.

Rannan aka zo inda Mai Buhu ya zauna cin abinci. Tukur ya nuna da yatsa.

"Ku dubi karama. Ga ƙaya a faranti. Ga ta ta zama rabin kifi. Ga kifi ya cika ɗungum!"

Aka yi ta salati. Fannami ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, shekarata arba'in a ruwa. Na ga kifi ya zama ƙaya ba adadi. Ƙaya ta zama kifi kam, ban taɓa gani ba."

"Kifin Haɗeja ka sani," in ji Tukur. "Wannan kifin Ingila ne."

Aka tuntsire da dariya. Fannami ma ya yi murmushi, amma bai daina kallo ba. Da aka zo inda Mai Buhu ke tuƙa kwalekwale, ya sake ɗaga hannu.

"Malam, ka ce mutumin nan hagu ya nufa. To goshin jirginsa dama yake kallo."

"Turawa da baya suke tuƙi."

"Na yarda. Amma kumfa fa? Kumfar ruwa bayan jirgi take bi. A nan, yadda kake karantawa, ita ce a gaba."

Tukur ya rufe littafin, ya zaro babban makaminsa.

"Sharap! Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi zai gyara mini karatu? Matsa can, kana sa wa littafi ƙarni."

Fannami ya ja gorarsa baya kaɗan.

Ana nan sai mai unguwa ya zo da albishir. Za a buɗe ajin manya na Yaƙi da Jahilci, ana neman wanda zai koyar, shi kuma ya riga ya miƙa sunan Malam Tukur. Ran Alhamis wani Malam Ɗahiru, ma'aikacin En'e (hukumar gargajiya) mai duba azuzuwan, zai zo ya ga karatunsa da idonsa.

Kan Tukur ya ƙara girma. Malamin aji! Allo da alli, manyan gari suna zaune a gabansa! Wata zuciyar ta ce masa ya je ya faɗi gaskiya tun da sauran mutunci. Ɗayar ta ce, wanda ya sa mai ƙosai kuka da labari, malamin En'e ne zai gagare shi? Ta biyun ya bi.

Don abin ya yi armashi, ya kwana uku a kan keke yana ɗinka riguna takwas masu ratsin baƙi da fari, sak irin ta Mai Buhu. Ya raba wa 'yan majalisa. Inuwa bai iya jira ba, ya sa tasa ya tafi Kaugama gaida surukai, ya dawo yana cewa kowa sai kallonsa yake.

Ran Laraba da hantsi, rumfa ba kowa, sai ga Fannami ya yi sallama.

"Malam Tukur, ba gardama ta kawo ni ba. Na zo ne babu idon mutane. Ka gwada buɗe littafin nan ta ɗaya gefen, sau ɗaya tak. In ƙaya ta ci gaba da zama kifi, na ba ka haƙuri a gaban kowa."

Littafin yana nan kan keke, kamu ɗaya tsakaninsa da hannun Tukur. Juya shi ba zai ɗauki lokacin zura zare a allura ba. Amma a ce masunci ne ya nuna masa?

"No," in ji Tukur. "Kuma gobe in ka zo, bakinka alaikum."

Ran Alhamis bayan la'asar Malam Ɗahiru ya iso kan kekensa. Ya sauka, ya ga ƙarti takwas sun jeru cikin riga mai ratsi suna washe baki. Ya ɗan tsaya, ya waiga kamar mai neman hanyar gudu, sannan ya daure ya zauna.

Tukur ya buɗe littafi daga dama, ya fara. Wallahi ranar ya yi karatun da bai taɓa yi ba. Ya yi muryar ɗan doka, ya yi haushin kare, ya kai Mai Buhu taga bakwai. 'Yar'azumi ta yi kukanta a daidai inda ta saba.

Malam Ɗahiru kuwa tun shafi na biyu ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Tukur ya ɗauka kuka yake yi, sai ya ƙara ƙaimi.

Da aka gama, Malam Ɗahiru ya goge ido ya ce, "Duk cikinku babu wanda ya taɓa ganin wani abu ba daidai ba a littafin nan?"

Inuwa ya nuna gefe da haɓa. "Sai dai wancan tsohon, shi ne kullum da zancen kumfa."

"Baba, me ka gani?"

Fannami ya dubi Tukur, ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ni ba ni da karatu. Ruwa kawai na sani, shi kuma ba ya gudu da baya."

Malam Ɗahiru ya miƙa hannu ya karɓi littafin, ya juya shi a hankali, ya buɗe daga hagu.

"Jama'a, rubutun boko daga nan yake farawa. Ku matso."

Aka matso. Ga Mai Buhu a rame da buhu wayam. Ga shi ya shiga ta taga, ya fito buhu ya ɗan yi nauyi. Taga ta biyu, ya ƙaru. Ga kifi ɗungum, ga rabi, ga ƙaya. Ga jirgi yana gudu, kumfa a bayansa. Ga 'yan doka sun riƙe masa hannu. Ga ɗaki mai tagar ƙarfe.

"Wannan ɗakin," in ji Malam Ɗahiru, "gidan yari ne. Mutumin ɓarawo ne. Rigar nan kuwa, da ita mai zanen ya nuna muku sana'arsa."

Ba ka jin komai sai ƙarar mai a kaskon ƙosai.

'Yar'azumi ce ta fara farfaɗowa. "Ɓarawo? Ɓarawo na yi wa sadakar ƙosai kwano guda? Tukur, Allah Ya isa tsakanina da kai!"

Inuwa ya dafe kai. "Ni da na je gidan surukai da ita! Har na tsaya na yi musu bayanin mai rigar!" Ya kama cire ta, ta maƙale masa a wuya, don Tukur ya matse wuyan. Wanzami kuwa murna yake yi, yana cewa ai dama shi bai taɓa zagin ɗan dokan ba.

Malam Ɗahiru ya nuna ƙoƙon magana ɗaya ya ce, "Malam Tukur, karanta mana wannan."

Tukur ya dubi baƙaƙen nan, suka dube shi. Kalmominsa uku suka zo masa, babu wadda ta dace. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har ya gwammace ƙasa ta tsage.

Aikin aji dai ya wuce shi, aka ba wani. Kwana huɗu rumfa a rufe. Ko masallaci sai ya bari an tayar da salla yake shiga, ya fice kafin a shafa.

Rana ta biyar Fannami ya yi sallama a ƙofar gidansa, riƙe da bandar tarwaɗa biyu. Tukur ya fito yana jiran gori. Ya san ya cancanta.

"Ga wannan a yi miya," in ji Fannami. "Litinin za a fara aji. Na ba da sunana, amma ina jin nauyin zama cikin mutanen gari ni kaɗai da ƙarnina. Ka raka ni."

Tukur ya kasa haɗa ido da shi. "Baba Fannami, bayan abin da na yi maka?"

"Ai ka ba ni dariya da kuka shekara biyu, ban biya ka da komai ba. Kuma in gaya maka gaskiya, Malam Ɗahiru ya karanta mana na daidai ɗin. Ba daɗi. Ɓarawo ya yi sata an kama shi, sai me? Naka ya fi. Ka koyi karatun, ka zo ka ba mu biyun."

Ran Litinin suka zauna kan tabarma ɗaya a sahun gaba. Da aka raba littattafai, hannun Tukur ya tafi dama da kansa. Fannami ya zungure shi da gwiwar hannu.

Tukur ya tsaya. Ya ɗaga hannu a gaban Inuwa da wanzami da kowa, ya faɗi abin da ya gagare shi shekara biyu.

"Malam, ban sani ba. A nuna mini."

Babu wanda ya yi dariya. Rigunan nan takwas kuwa Fannami ya tattara su ya tafi da su Auyo, aka sa wa mutum-mutumi a gonakin shinkafa. An ce a shekarar tsuntsaye ba su yi sata ba.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage wa kowa daraja ba, ƙin faɗinta ne ke kunyata mutum a gaban jama'a. Wanda ka raina don bai yi karatu ba, wataƙila ya san abin da littafin hannunka yake faɗa fiye da kai, musamman in ya zo ya gaya maka a keɓe. Ka saurare shi tun kafin ka ɗinka wa mutane rigar ɓarawo. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, don kowace majalisa tana da Tukur ɗinta, in kuma kun duba ba ku gan shi ba, to ku duba wuyan rigarku, wataƙila ɗinkinsa ne a jikinku.