Likkafanin Iya Saude

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu, haifaffen Durba, mazaunin Rano. Ba zan faɗi sunansa ba. Na ga har wasu sun fara kallon juna. Ku daina. Wanda ya san shi ya bar wa cikinsa, ba don a riƙa nuna shi da baki na ɗauko zancen ba.

Sana'arsa gwanjo. Da tsofaffin riguna da takalma ya fara, yana baza su a kan buhu ranar kasuwar Kibiya. Sana'a ce ta halal, ba wanda ya ce masa don me. Daga baya ya yi babbar waya, ya buɗe shafi a intanet, yana ɗaukar hoton kaya yana ɗorawa. Wanda ya gani ya yaba sai ya biya daga inda yake, shi kuma ya ƙulle kayan ya kai tasha ya ba direba. Nan ma babu laifi.

Ana cikin haka ya gano akwai wasu mutane a Abuja da Ikko da ba ruwansu da riga ko takalmi. Tsohon abu suke nema. Akushin da ya yi baƙi ƙirin don cin tuwo, tasar jan ƙarfe, adudu, ƙwaryar da ta tsage aka ɗinke. Abin da matanmu suka jefar a bayan rumbu kaji na kwana a kai, shi waɗannan bayin Allah suke saye su ajiye a falo su yi ta kallo. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Sai ya shiga ƙauyuka a kan babur, da sababbin robobi ɗaure a baya. Ya je Unguwar Gai, ya je Durba, gida gida. Tsohuwa ta miƙo masa akushin kakarta, ya miƙa mata roba mai murfi, ta yi ta sa masa albarka har ya fita zaure. Ya san abin da akushin nan zai kawo masa. Ita ba ta sani ba, shi kuma bai faɗa mata ba.

Daga nan ya lura kaya ba ya tafiya sai da labari. To, sai ya fara ƙirƙira. Tasar da aka ƙera shekaran jiya sai ya rubuta ta shekara ɗari biyu. Sabon akushi ya rataye shi a madafa ya sha hayaƙi wata guda, ya ce na wata sarauniya ne. A farko, in ya rubuta ƙaryar, gabansa kan ɗan faɗi. Bayan wata biyu ya daina faɗuwa.

Ya 'yan uwa, idon mutumin nan ya canza. In aka yi rasuwa shi ne na farko a wajen ta'aziyya, mutane har yaba masa zumunci suke yi. Alhali ana shafa fatiha, shi idonsa na can cikin gida yana duba abin da mamaciyar ta bari. Ba ni na zarge shi ba, shi ya faɗa mini da bakinsa.

Mutumin nan yana da uwa a raye a Durba, ana ce mata Iya Saude. Shi ne ɗanta na fari, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "kai". Ta tsufa, yanar ido ta hana ta gani, ƙanwarsa Mufida ce ke kula da ita.

Ku matasa ba ku tarar ba, amma tsofaffinmu da yawa tun suna da ƙarfinsu suke tanadar likkafaninsu. Iya Saude nata ba saye ta yi ba. Audugar gayaunarta ce. Ita ta gurje, ita ta shiɓe, ita ta kaɗa da mazari, kaɗan kaɗan, bayan ta gama aikin gida, shekara da shekaru. Da zaren ya isa ta kai wa Shitu masaƙi ya saƙa mata fari tas. Shitu ya daɗe da rasuwa, kuma daga kansa saƙa ta ƙare a garin. Ta naɗe farin nan a cikin tsohon zane ta sa a ƙasan adudunta. Duk shekara in watan azumin tsofaffi ya kama sai ta fito da shi, ta shanya ya sha iska, ta zuba kanumfari saboda asu, ta mayar. Babu macen da ba ta san da zamansa ba a unguwar. Ta sha faɗa musu, "In ta Allah ta kasance, a cikin wannan za ku sa ni."

Wata rana wata mata mai shagon kayan ado na ɗaki a Ikko ta rubuto wa mutumin nan. Farin saƙi take so, na hannu, kaɗin hannu, tsoho, kuma ko nawa ne za ta saya. Ya zaga ƙauyuka mako biyu bai samu ba. Ina za a samu? Masu kaɗin sun mutu, masu saƙar sun bi su. Guda ɗaya ya sani a duk ƙasar.

Kuna tsammanin ya yi ta kokawa da zuciyarsa? Ni ma na so a ce haka aka yi. Na tambaye shi, ya ce a'a. Ya shiga kasuwar Rano ya yanki farin yadin alawayyo daidai tsawon farin uwarsa. Ya jira ranar da Mufida ta raka tsohuwar gidan suna a maƙwabta. Da hantsi ya shiga ɗakin, ya buɗe adudu, ya zare wancan ya naɗe wannan a cikin zanen, ya mayar yadda ya tarar. Ya shimfiɗa likkafanin uwarsa a kan katanga inda rana ke haskawa, ya ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, ya ɗora a shafinsa. Kafin la'asar kaya na tasha. Ya ce a ransa, ai tsohuwar ba gani take yi ba.

Wata biyar ba abin da ya faru. Sai azumin tsofaffi ya kama. Iya Saude ta ce Mufida ta jawo mata adudu. Ta laluba ta kwance zanen, ta ɗora hannu. Ko warware shi ba ta yi ba.

Ta ce, "Mufida, wannan ba zarena ba ne."

Ya manta abu ɗaya. Yatsun da suka murza zaren nan shekara da shekaru ba sa bukatar ido.

Aka aika masa ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta ce, "Kai, ina farina?"

Ya ce, "Wallahi tallahi Iya ban taɓa adudunki ba."

Kun ji? Sunan Allah ya ɗauko. Mufida kuwa ta riga ta bi shafinsa ta ga hoton, ta gane katangar gidansu, har da tsagar da ke jikinta. Ta juya masa wayar. Da ya ga babu mafita sai ya gyara zama ya ce, "Haba Iya, ai fari fari ne. Wannan ma sabo ne dal."

Ta ce, "Na sani. Amma wancan nake so. Ka karɓo mini."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi masa baki ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ya fita ya zauna a kan babur ɗinsa ya rubuta wa matar Ikko. Nan da nan ta amsa da hoto. An yayyanka farin an yi rigunan matashin kujera da shi, an jera su a shagonta, rabi ma an riga an saye. Ta yi masa godiya, ta ce ko akwai wani? Ya daɗe yana kallon hoton. Daga baya na ce masa, me ka ji a lokacin? Ya ce, "Malam, abin da ya fara zuwa mini shi ne na sayar da araha."

Ya koma ciki ya ce mata, "Yana hanya, Iya."

Daga ranar, duk ranar kasuwar Kibiya sai ta sa a fito da ita zaure, don ranar ce motoci ke shigowa. Ta zauna a tabarma tana sauraron ƙarar kowace mota. In ya zo ta ce, "Ya iso?" Ya ce direba ne ya samu matsala. Mako na gaba ya ce hanya ce ba kyau. Na gaba ya ce an kai shi wata tashar bisa kuskure. Kullum amsarta ɗaya ce, "To."

Da abin ya yi tsawo sai ta ce Mufida ta nemo mata taskira da mazari, ko za ta taɓa kaɗin da sauran ƙarfinta. Mufida ta birkice ɗaki, babu. Su ma ya daɗe da kwashewa.

Ta kwanta ciwo da faɗuwar damina. Kwana tara ta yi. Ranar ƙarshe da safe yana tsugune a gefenta, ta juyo da kanta inda take jin numfashinsa, ta ce, "Ya iso?"

Ya ce, "Gobe."

Ta ce, "To."

Mufida tana kuka tana cewa, "Iya ki yafe masa, don Allah ki ce kin yafe masa." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Kafin azahar ta cika.

Ni na sallace ta. A cikin alawayyon aka sa ta, kuma ya isar, kada wani ya fita nan ya ce Malam ya ce likkafanin kasuwa bai yi ba. Da shi za a naɗe yawancinmu. Amma matan da suka yi mata wanka sun buɗe zanen sun gani. Kafin a dawo daga maƙabarta babu gidan da labarin bai shiga ba.

Na san wasunku jira suke in ce gobara ta cinye shagonsa, ko babur ya kayar da shi ya karye. Ko ɗaya ba a yi ba. Lafiyarsa ƙalau, jiya ma na hango shi. Abin da dai ya faru, ƙofofi sun rufe. In mata suka ji ƙarar babur ɗinsa ko ludayi sai sun ɓoye. In aka yi rasuwa ba a sanar da shi. Kaya suka daina samuwa, shafin ya bushe. Mufida ta daina ɗaga wayarsa. Duk wannan ƙarami ne.

Bayan sadakar arba'in ya same ni a zaurena. Ya zauna ya ce, "Malam, kuka nake so in yi."

Na ce to ka yi mana, wa ya hana ka?

Ya ce ba ya zuwa. Ya je kabarinta sau uku ya tsuguna yana jira, ba abin da ya ji sai zafin rana. Yana salla ba ya jin komai. Yana cin abinci kamar yana tauna ƙaiƙayi. Sannan ya faɗa mini abin da har yau ban so na ji ba. Ranar jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Yana riƙe da ita sai ya tsinci yatsunsa suna murza likkafanin, suna duba kaurin yadin, yadda ya saba yi a kasuwa.

Na yi masa nasiha iyakar sanina. Na ce ƙofar tuba ba ta rufe ba muddin rai bai zo maƙogwaro ba. Ya yi ta yi mata addu'a, ya yi sadaka a madadinta, ya koma wajen tsofaffin da ya cuta ya faɗa musu gaskiya, ya nemi ƙanwarsa. Na daɗe ina magana, don na san Iya Saude, na ci tuwonta. Yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya yi godiya ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo, idonsa a kan buzun da nake zaune a kai.

Ya ce, "Malam, wannan buzun naka zai kai shekara nawa?"

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya tsaya jim kaɗan, fuskarsa ba ta canza ba. Ya sa takalmansa ya tafi.

Ya 'yan uwa, wannan ita ce halaka. Mai jin zafin zunubinsa yana da sauran rabo, domin zafin ne zai kai shi ga tuba. Wanda ya daina ji fa, me zai kai shi? Kuma ba rana ɗaya zuciyarsa ta mutu ba. Ba daga likkafani ya fara ba, daga roba mai murfi ya fara, ranar da ya karɓi albarkar tsohuwar da ya san ya cuce ta. Sai ƙaramar ƙarya a ƙarƙashin hoto. Sai rantsuwa.

Ban ce ku bar sana'ar waya ba. Ku saya ku sayar, Allah ya sa albarka. Amma ku faɗa wa mai kaya darajar kayansa, ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye. In gabanka ya faɗi a kan wani ciniki, ka tsaya, wannan faɗuwar gaban rahama ce. Kuma ku sani akwai abin da ba na sayarwa ba ne a cikin gidajenku, ko da ya yi kama da tsumma. Wanda uwarsa ke raye, kada ya kwana yau bai je ya durƙusa ya ji ta ce "na yafe" da kunnensa ba. Shi mutumin nan ba shi da inda zai je ya ji.

Allah ya jiƙan Iya Saude, ya haskaka makwancinta. Allah ya tausasa zuciyar ɗanta, ya ba shi hawaye tun yana da rai. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da ƙeƙashewar zuciya, ya raba mu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Amin.