Kilon Mai da Kilon Tunkuza

Shekara talatin ina koyar da lissafi, sai da na yi ritaya Sarkin Kasuwa zai cuce ni da sikeli!

Tare muka kai gyaɗa inji, muka haɗa aka matse wuri ɗaya, shi ya ɗauki mai, ni tunkuza saboda awakina. Ya ce, "Malam Gambo, bisa nauyi za a raba kuɗin matsa. Tunkuzarka ta fi nauyi, kasonka ya fi yawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato kilon mai da kilon tunkuza ɗaya suke?"

"Sikeli ba ya ƙarya."

"Madalla. Ga tunkuza kilo goma, a zubo mini mai kilo goma."

Ya rungume jarkarsa. "Haba Malam! Ai mai ya fi tsada!"

"To, a raba bisa tsada. Ina nan tsaye sai an gyara."