Jif Ɗin Sarfaraz da Gangaren Mansehra

Akwai wasu a cikinku, kuma sun san kansu, gara su faɗa rami da iyalansu a kan su ce wa maƙwabci "zo ka duba mini". Ba zan kama suna ba. Ku dai karanta.

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke saman garin Mansehra a Pakistan, sunansa Sarfaraz. Da hannunsa ya harhaɗa jif ɗinsa: gangar jikin daga wajen wani mai walda, injin daga 'yan gwangwan na Rawalpindi, sauran kuma duk inda ya tsinta. Ɗan abin da yake da shi ya zuba a inji da fenti da manyan tayoyi. Birki kuwa, cewa ya yi sai mota ta yi gudu ake zancen tsayawa.

Maƙwabcinsa, wani dattijo Fazal Dad, ya riga shi haɗa irin wannan mota, amma injinta ya buga, tana jibge a bayan gida. Ranar da ya leƙo ya ce, "Bari in ga ƙafafun gaban nan," sai Sarfaraz ya tuntsire da dariya a gaban masu shan shayi.

"Kawu, je ka ta da taka tukuna. Kaji sun fara ƙwai a kujerar direba."

Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Sai cikin matarsa Rukhsana, uwar 'yarsu Nimra, ya tsufa. Ungozoma ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, ba haihuwar gida ba ce, da ciwo ya fara a sauka da ita asibiti. Motar haya sai ranar kasuwa take hawowa. Hanyar kuwa gangara ce zalla, dutse a dama, rami a hagu.

Sarfaraz ya fita gwaji. Ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka ƙullin gurasa. Tarin karan masara ne ya tsayar da shi.

Ya buga wa mai sayar da kayan mota waya. Kuɗin da aka faɗa masa su ne dai kuɗin asibitin. In ya sayi birki, da me za a karɓe ta? In bai saya ba, ta yaya za ta isa?

Ya ce iska ce ta shiga man birkin, zai tace ta da kansa. Ya kwanta a ƙarƙashin mota, Rukhsana na kujerar direba da ƙaton cikinta.

"Taka. Riƙe. Saki."

"Tun hantsi nake takawa, Baban Nimra. Ni zan haihu ko motar?"

Mai ya kusa ƙarewa, birkin bai canza ba. Can sai ya ji ta daina takawa. Ya fito ya same ta ta ƙanƙame sitiyari, gumi na zuba.

"Ya fara," in ji ta. "Je ka kira Kawu Fazal."

"Bayan abin da na faɗa masa?"

"Girman kanka ba zai fito da yaron nan ba. In ba za ka je ba, ni zan rarrafa."

Ya ruga ba ko takalmi. Ya tarar da dattijon yana cin gurasar capati da wake. Fazal Dad bai ko ɗago kai ba.

"Babban injiniya! Ɓatan hanya ka yi?"

"Kawu, ka zage ni gobe. Rukhsana na naƙuda, birki ba ya ci."

Dattijon ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya bi shi wurin motar.

Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar gaba ya daka masa tsawa. "Sakarai! Ƙarfen da ke damƙe faifan birki, na dama ka ɗaura a hagu, na hagu a dama. Bakin fitar da iska yana kallon ƙasa, ita kuwa iska sama take hawa. Ko shekara za ka yi kana tacewa ba za ta fita ba. Miƙo sufana!"

Suka musanya su. Tiyon man duk ya kumbura, sai Fazal Dad ya je ya kwanto na tasa motar, ya haɗo da ragowar man da ya ɓoye.

"To taka motar fa, Kawu?"

"Kaji ba sa taka birki. Ɗaure notin nan."

Sarfaraz ya taka. Birkin ya tsaya cak a ƙarƙashin ƙafarsa.

Suka sa Rukhsana da ungozoma a baya, suka kama gangara da ƙaramar giya. A wata muguwar kwana sai ga garken awaki ya cike hanya, babu wurin kaucewa sai rami. Sarfaraz ya runtse ido ya taka birki. Motar ta tsaya, hancinta na shafar wata akuya.

Ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar yaro.

"In ka gama," in ji Rukhsana cikin nishi, "ja mu tafi."

Aka yi mata aiki da la'asar. Uwa da ɗa duk suka rayu.

Darasi: Wanda ka yi wa dariya a gaban jama'a, wataƙila shi kaɗai ya hango abin da zai kashe ka. Ka saurari mai gyara maka tun kana da lokaci, don ba kullum ake samun mai ajiye lomarsa ya bi ka ba. Ku tura wa wannan ɗan uwan naku da ba a isa a gaya masa ba. Wanda kuma ya ce bai taɓa ƙin shawara don kawai bakin da ta fito ba, ga wurin sharhi nan a ƙasa, ya fito ya ƙaryata ni.