Mai Ƙararrawar da Aka Kira Mashayi

Akwai wani dattijo mai buga ƙararrawa a wata makarantar sakandare, kowa na kiransa Baba Agogo. Shekara ashirin da uku bai taɓa makara da minti ɗaya ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a nesa. Shi kaɗai yake zaune a ɗan ɗaki bayan ofis, daga katifa sai rediyo sai buta.

Wata safiya yana shara, kansa ya sara kamar an buga masa guduma, ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti aka ce wata jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe a cikin kansa. Aka yi masa aiki, ya tashi. Bayan wata biyu ya dawo, aka yi masa barka, kowa ya ɗauka shi ke nan.

Sai tafiyarsa ta fara canzawa. Yana jan ƙafa, yana tangaɗi. Ran nan ya buga ƙararrawar tashi ana tsakiyar darasi na uku, washegari ya manta da ita gaba ɗaya. Daga baya fitsari ya fara kufce masa. Kunya ta hana shi zama a bencin bakin ofis, su kuma mutane suka daina leƙo shi. Yakan wuni a ƙofar ɗakinsa, babu mai ce masa sannu.

Shugaban makaranta ya kira shi gaban taron malamai.

"Baba, da furfurarka ka koyi shaye-shaye?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban..." Sauran maganar ta ɓace masa.

"Kun gani ko? Ko harshen ma ya bugu."

Aka yi dariya. Aka ba shi takardar sallama saboda maye a bakin aiki, da sati biyu ya kwashe kayansa.

Ku lura da kyau. Ba a ga kwalba ba. Ba a tambayi likita ba. Malamai talatin da huɗu ne a ɗakin, biyar daga cikinsu kimiyya suke koyarwa, kuma duk sun san an buɗe kan mutumin nan. Babu wanda ya ɗaga hannu.

Saura kwana uku ya bar ɗakin, Baba ya kai takalmansa wurin mai gyaran takalma na bakin ƙofar makaranta, wanda ake ce wa Shumeka. Mutumin ya juya su, ya daɗe yana kallo.

"Baba, shekara goma ina gyara maka takalmi, kullum dunduniya ke cinyewa. Yanzu gaban ne ya siɗe, duka biyun daidai wa daida."

"Ba ka ji ba? An ce mashayi ne ni."

"Ina gyara wa mashaya. Nasu ko'ina yake ci, kamar ɓera ya gaigaya. Kai ƙafarka ce ba ta ɗagawa daga ƙasa. Tashi mu koma wurin waɗanda suka taɓa kan nan."

Shumeka ya rufe akwatinsa da rana tsaka, ya riƙe masa hannu har asibiti.

Wata likita ta ɗauki hoton kansa, sannan ta sa allura a ƙasan bayansa ta ɗebi ruwa. Ta ce akwai ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, kullum ana yin sabo, tsohon yana tsiyayewa. Jinin da ya zuba ya bar kumburi, kumburin ya toshe magudanar, ruwan ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Jan ƙafa, mantuwa, fitsari, duk daga nan ne.

Da yammacin ranar Baba ya taka barandar asibiti yana ɗaga ƙafa. Bayan mako aka sa masa siririn bututu da zai riƙa janye ruwan.

Takardar likita ta isa makaranta. Shugaban ya zo asibiti duba Baba da ledar lemo, ya rage murya.

"Baba, an yi kuskure. Aikinka na nan, ɗakinka na nan. A bar maganar."

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma gaban mutum talatin da huɗu ka kira ni mashayi. Nan mu uku ne."

"Biyu," in ji Shumeka daga bakin gado. "Ni kunnena na ciwo, ban ji komai ba."

Shugaban ya ajiye lemo ya fita.

Yau wata bakwai. Baba bai karɓi aikin ba. Kullum da safe yana zaune gefen akwatin Shumeka, tsaf da shi, yana jiran a wanke shi gaban jama'a. Shugaban ya koma shiga makarantarsa ta ƙofar baya.

Darasi: Wanda jini ya zuba a cikin kansa, fitowarsa daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Idan tafiyarsa, tunaninsa ko fitsarinsa ya canza, a mayar da shi wurin likita, kada a yanke masa hukunci. Wanda kuma ya ɓata sunan mutum a bainar jama'a, wajibi ne ya tsaya gaban jama'ar ya wanke shi. Raɗa da lemo ba sa biya. Ku tura wannan ko'ina, har ya isa wayar mai bin ƙofar baya.